Tutiyar Tafoki

A shekarun nan da kuɗin mai suka yi wa ƙasar nan ambaliya, ni ma na samu rabona, sai dai nawa a akwatin katako ya zo, kuma ba a cinsa. Dawowata ke nan daga karatu aka ɗauke ni aiki a jami'a, sashen kemistiri, aka ce in koya wa masu digiri na biyu yadda ake auna sinadarai da na'urori. Lokacin duk abin da ka rubuta kana so, sai a sayo maka. Na rubuta na'urar auna ƙarafan da ke narke cikin ruwa, ina zaton sai na yi furfura kafin in gan ta. Damina ba ta fita ba sai ga ta a bayan babbar mota, ƙarti suna ta nishi suna sauke ta a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje.

Aikinta ba shi da wuyar faɗa. Tana da siririn bututu da ke zuƙar ruwa ya fesa shi cikin harshen wuta. Fitila tana haskawa ta tsakiyar wutar, kuma kowane ƙarfe da irin fitilarsa, ta dalma daban, ta tagulla daban, ta tutiya daban. In ƙarfen yana cikin ruwan sai ya rage hasken, wani alƙalami da ke gefe kuma ya zana tsauni a kan takarda mai tafiya. Ƙarfe kaɗan ya ba ka ɗan tudu, mai yawa ya ba ka dogon tsauni. Daga nan sai lissafi.

Na so na'urar nan fiye da kima. Ɗalibaina suna cewa na fi tausayinta a kansu, kuma ban taɓa musu ba. Ni mutum ne mai saurin hawa, wanda ya zo kusa da ita da maiƙon gyaɗa a yatsa ranar zai san sunan kakansa. Zangon farko ma ba wanda nake bari ya kunna wutar. Wankin kwalabe suke yi. A jiƙa kwalbar roba a asid, a ɗauraye da tataccen ruwa, a sake, a sake, har sai manya masu gemu sun fara tambayar juna ko don wanke-wanke suka bar iyalansu. Nakan ce musu na'ura ba ta san rijiya ba, abin da ke cikin kwalba ta sani. Su rubuta a takarda, su gyaɗa kai, su ci gaba da guna-guni.

A ajin akwai wani da ya girme ni nesa ba kusa ba. Malamin kimiyya ne a wata sakandare, ɗan Tafoki ta ƙasar Faskari. Abokan karatunsa suna ce masa Hedimasta, ko da yake bai taɓa riƙe makaranta ba, tafiyarsa ce kawai irin tasu. Ni ina ce masa Malam, shi ma yana ce mini Malam, har in muna magana sai sauran su riƙa kallonmu suna dariya. Ya daɗe yana neman hutun ƙaro ilimi kafin a ba shi, kuma an gaya masa ƙarshen shekara zai koma aji, da digiri ko babu. Ba shi da damar maimaitawa irin ta samarin ajin. Shi ya sa yake zuwa kafin kowa, kwalabensa kuma sun fi na kowa tsabta.

Da lokacin bincike ya zo, ya zaɓi ya auna ƙarafan da ke ruwan rijiyoyin ƙasarsu da rani, daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa. Na ji daɗin zaɓin. Na zuba masa ɗigon asid a gindin kowace kwalba don kada ƙarfen ya manne a jikin roba, na ja masa kunne, sashe ya ba shi a-kori-kura da direba, ya tafi. Ya dawo ya yi baƙi ya rame, da akwatunan kwalabe kowace da lambarta.

Muka fara da dalma, ba wani abu. Tagulla ma haka. Ranar da muka saka fitilar tutiya kuwa, kwalba ta farko ta ba mu ɗan tudu, ta biyu sai alƙalami ya tashi sama kamar an tsikare shi. Muka kalli juna. Muka ci gaba, tsaunuka suna ta fitowa, har muka zo wata kwalba da alƙalamin ya haye ya bugi bakin takarda ya tsaya yana kakkarwa. Sai da muka sirka ruwan da tatacce kafin ya aunu.

“Ta ina ce wannan?” na tambaye shi.

“Ta Tafoki ce, Malam,” ya ce. “Rijiyar gidanmu ce.”

Wanda bai zauna a zamanin ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Kowa a lokacin ya yarda akwai dukiya a ƙarƙashin ƙafarsa, tonawa ce kawai ba a yi ba. Mutanen kudu sun tona sun sami mai, mu kuma me zai hana? Kafin mako ya zagayo labari ya cika sashen cewa Hedimasta ya gano ma'adinin tutiya a ƙasar Faskari. Ya samo taswira ya manna a bango, yana caka jajayen allurai. Masinja ya fara gaishe shi da hannu biyu. Wani abokin aikina ya tsayar da ni a matakala yana tambaya, cikin raha wai, ko akwai filin sayarwa a Tafoki. Shi kuwa Hedimasta tafiyar tasa ta ƙara nauyi, ya sayi sabuwar hula.

Ni ma abin ya yi mini daɗi, sai dai taswirar ta hana ni sakat. Ma'adini ba ya tsallake gida ya faɗa wani. A Ketare rijiya biyu kusa da juna, ɗaya tsauni ɗaya tudu. Na canza fitila, na sake haɗa ruwan gwaji, na wanke bututu, na zagi na'urar da ban taɓa zagi ba, amsa ba ta canza ba. Da na zauna da Hedimasta muka bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya, sai na lura duk rijiyoyin waje, ta masallaci, ta bakin kasuwa, ta mashayar shanu, ba su da komai. Na cikin gida ne suke da tutiya.

“Malam,” na ce masa, “tutiyar nan taka 'yar kulle ce, ba ta fita waje.”

Bai yi dariya ba. Na gaya masa gaskiya: mai jarrabawa da za a gayyato daga wata jami'a, in ya ga taswirar nan ba bayani, ba zai sa hannu ba, ni ma a matsayinsa ba zan sa ba. Na tambaye shi ko da hannunsa ya ɗebi ruwan. Ya ce na waje dai da hannunsa, da igiyarsa da gugan robar da na ba shi. Na cikin gida kuwa, ai na sani, namiji baƙo iyakarsa zaure. Yakan ba maigida kwalba ya yi masa bayani, maigida ya shiga da ita, a fito masa da ita cike. Ya ce yana jaddada musu cewa ruwan rijiya yake so.

Akwai mace ɗaya a ajin, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini a wani asibiti, muna ce mata Hajiya don ta sauke farali shekarar da ta wuce. Mace ce mai dariya da ƙarfi, ba ta tsoron fushina ko kaɗan. Na roƙe ta ta raka mu, mijinta ya yarda, muka ɗauki sababbin kwalabe muka kama hanya. Hadari ya riga ya fara haɗuwa ta gabas. Hanyar Ƙanƙara ta girgiza mu har na ji haƙorana suna gaisawa.

A Ketare muka sauka gidan da ya ba da tsauni. Maigida ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka yi gaisuwa har ta ishe ni. Hedimasta ya miƙa masa kwalba kamar yadda ya yi a da, ya yi bayaninsa. Ni kuma na ce wa Hajiya ta bi bayan kwalbar, kada ta ce komai, ta zuba ido kawai. Muna zaune muna hirar farashin taki sai muka jiyo dariyarta daga cikin gida. Ta fito tana share hawaye da bakin mayafi, ta nemi wuri ta zauna kafin ta iya magana.

Ta ce uwargidan tana karɓar kwalbar ta ɗaga ta ga ɗan ruwa a gindi, ta ce, “Ji ƙazantar maza, ko wanki ba su yi mata ba.” Ta zubar da asid ɗina, ta wanke kwalbar da toka tas. Sa'an nan ta wuce rijiyar ko kallonta ba ta yi ba, ta wuce randa, ta shiga ɗaki ta fito da sabon bokitin ƙarfe yana walƙiya, an rufe shi da faifai. Daga nan ta cika kwalbar. Da Hajiya ta kasa haƙuri ta tambaya, sai matar ta ce, “Ai na rijiyar ne, Hajiya, mun aje shi ne ya kwanta. Mi za a ce da mu, mutum ya taso tun daga jami'a mu ba shi ruwa da laka? Wanga bokiti na baƙi na.”

Bokitin ƙarfe da tutiya ake shafe shi don kada ya yi tsatsa. Ruwa in ya zauna a cikinsa, musamman sabo, yakan ɗan lashi shafen. Na san wannan, Hedimasta ya sani, har a aji mun yi maganarsa. Muka zaga gida biyu uku, labarin ɗaya ne. Shekarun nan ne bokitan suka cika ƙauyuka, kowane gida mai hali ya sayi ɗaya ya ajiye don baƙon kunya, mutanen gida kuwa suna nan da randarsu da ƙwaryarsu. Gidan da bai sayi bokiti ba, shi ne ya fito tudu a takardarmu.

Ni da Hajiya mun yi dariya har cikinmu ya ƙulle. Da na waiwaya na ga fuskar Hedimasta sai na daina dariyar. Kuma kamar da gayya, muna shiga Ƙanƙara ruwan farko ya sauko. Manoma suna murna, mu muna fake a rumfar wani mai shayi a bakin kasuwa, ga shi ranar kasuwa ce. Shi ke nan, ruwan rani ya tafi sai wata shekara, kuma wata shekara ba tasa ba ce. Ya cire sabuwar hular ya riƙe a hannu yana kallon ruwa.

“Malam,” ya ce, “ashe aikin banza na yi.”

Na tausaya masa ƙwarai, amma ni tausayi da faɗa yake fito mini. Daidai gabanmu wani ɗan kasuwa yana ta jan buhu yana rufe tarin bokitai, sababbi fil, an jera su har sun fi shi tsawo. Na nuna masa su.

“Ga ma'adininka can,” na ce. “Mutanen ƙasar nan kaf suna saye suna shan ruwa a ciki, akwai wanda ya taɓa auna abin da suke sha? Kai ka riga ka auna, da kwalabe cike da akwati. Saura ka tabbatar.”

“In rubuta digiri na biyu a kan bokiti?” ya ce. “Yara su ji a makaranta?”

“To koma ka gaya musu ka gano tutiyar da babu. Wanne ya fi?”

Hajiya ta ce in dai shiga gida ne ita za ta shiga, ta ɗebo daga bakin rijiya da hannunta, ta ɗebo na randa, ta ɗebo na bokiti, a gwada su gefe da gefe. Hedimasta ya ture shayinsa gefe. Can ya mayar da hular kansa, ya tsallaka cikin ruwa ya je yana ƙwanƙwasa bokitan da yatsa, yana tambayar mai su daga ina ake kawowa.

Washegari muka isa Tafoki. Mahaifin Hedimasta ya rasu, ƙanen mahaifin ne ya tarbe mu a zaure. A nan na tambayi Hedimasta abin da ke cina: a gidan wasu na ji, a gidansu me ya hana shi shiga ya ja guga da kansa? Ya ce ranar yana sauka 'yan gaisuwa suka rufe shi, ƙanwarsa ta karɓi kwalbar daga hannunsa, kuma babba kamarsa ba ya jan guga ƙanne suna tsaye. Baffan ya ce ƙwarai kuwa, ai da abin kunya ya yi.

Hedimasta ya shiga ya gaida mahaifiyarsa, bai jima ba ya fito. Na yi mamaki, mutum ya yi wata da watanni ba ya gida. Baffan ya ga mamakina ya ce ai ɗan fari ne. Tun haihuwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta hira da shi, in ya gaishe ta takan amsa a taƙaice tana kallon wani wuri. In dole ta ambace shi sai ta ce mutumen nan. Haka ake yi, kuma ita ta riƙe abin da ƙarfi fiye da sauran mata.

Hajiya ce ta daɗe a ciki, kuma wannan karon ba mu jiyo dariya ba. A mota ta ba mu labari, tana kallon taga. Ta ce tsohuwar tana da bokiti ɗaya a ƙuryar ɗaki wanda ba mai taɓa shi, ko baƙi ba a ba su ruwa a ciki. Duk ranar da 'yan kasuwa suka kawo labarin cewa mutumen nan yana tafe, tun jajibiri take zuwa rijiya da kanta, da tsufanta, ta ja ruwa ta tace da ƙyalle ta cika bokitin ta rufe. In bai zo ranar ba, ba ta zubarwa, tana ƙarawa ne a kai. Zuwansa na ɗibar ruwa mota ta ɓata masa a Sabuwa, ya yi kwanaki kafin ya iso, ruwan yana zaune yana jiransa, daga nan kuma aka cika kwalbar. Kuma duk ruwan da ya taɓa sha a gidan, ƙanwarsa ke miƙa masa, bai san daga inda yake fitowa ba. Hedimasta yana gaba kusa da direba, bai juyo ba har muka hau kwalta.

Sauran watannin aiki muka yi kamar jakuna. Ɗakin gwaje-gwajena da ko ƙuda ba na bari ya shiga, ya koma kamar rumfar 'yan bokiti, sababbi da tsofaffi, da randuna biyu da muka sha wahalar kawowa ba su fashe ba. Abokin aikin nan mai neman fili ya daina gaishe ni da kyau. Sakamakon ya fito sarai: ruwan rijiyoyin lafiya lau, na randa ma haka, bokiti sabo yana ƙara tutiya gwargwadon daɗewar ruwa a cikinsa, in ya tsufa ya rage. Yawancin abin da muka samu bai kai ya cutar ba, illa dai gara kada ruwan sha ya kwana a sabon bokiti. A nan Hedimasta ya koyi na'urar da gaske, har yana jin canjin ƙarar wuta kafin ni.

Ranar jarrabawar baki mai jarrabawar ya zo, wani dattijo daga kudu, siriri, mai tabarau, an ce bai san wasa ba. Ya yi ta jefo tambayoyi a kan fitila da wuta da lissafi, Hedimasta yana amsawa yana zufa. Sai ya buɗe shafin da hoton tsaunukan yake, ya ɗora yatsa a kan mafi tsawo. Ya ce wannan ya fita daban da sauran, ko dai kuskuren awo ne, me ya sa ba a cire shi ba? Ni kuwa ba ni da izinin sa baki. Hedimasta ya gyara zama ya ce ba kuskure ba ne, ruwan ya yi kwanaki a bokiti sabo wanda ba a amfani da shi. Dattijon ya ce ta yaya ya san haka, kuma wane ne zai ajiye ruwa kwanaki ba a sha? Hedimasta ya faɗa masa duka, da Turancinsa na malaman makaranta. Dattijon ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

Bayan sati na kai Hedimasta gida da kaina, da Hajiya, da littafin an ɗaure shi da baƙin bango. Hajiya ta shiga da littafin ciki, mu muna zaure da baffa. Jim kaɗan muka ji takun tsohuwa, ta tsaya a bayan ƙofar zaure ta ciki, gefen mayafinta kawai nake gani. Ta gaishe ni, ta yi mini ban gajiya. Ɗanta yana zaune dab da ƙofar, ba ta nuna ta san yana wurin ba.

“Malam,” ta ce, “an ce wanga dogon zane na gidanga na.”

“Na gidan nan ne, Inna. Daga Ƙanƙara har Sabuwa ba wanda ya kamo shi.”

“Kuma baƙon da ya taho daga nesa ya gani?”

“Ya gani, har ya tambayi dalili, aka gaya masa.”

“Gaban mutane?”

“Gaban mutane, Inna.”

“Kai,” ta ce, “wanga ƙarfe naku bai da kunya.” Na ji tana 'yar dariya a cikin mayafi. Sa'an nan ta rage murya. “To, abin da ya tahi nema, an ba shi?”

“An ba shi, Inna. Ya ci.”

Ta yi hamdala a hankali, ta maimaita. Na zaci za ta juya ta tafi. Sai ta ce, tana fuskantar bango, “A ce ma mutumen nan ya shigo. Ni za ni ba shi ruwa.”

Hedimasta ya tashi, mutum mai furfura a gemu, ya rasa inda takalmansa suke ga su a gabansa. Ya shiga ba takalmi. Ni da baffa muka zauna muna kallon ƙasa, shi kuma ya daɗe bai fito ba.